Karen da Okbun Ta Cuɗa

A unguwar da ke kan tudun Yeongdo, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna har a hango jirage a tashar Busan, da wuya a sami macen da ta manyanta wadda ba ta taɓa kwanciya a gadon cuɗar Tak Okbun ba. Wasu tun suna 'yan mata take cuɗa su. Ta cuɗa su ana gobe bikin aurensu, ta cuɗa su bayan sun haihu, yanzu kuma su ne ke riƙo hannun tsofaffinsu su kawo mata. Gidan wankan ƙarami ne, maza a sama, mata a ƙasa, da dogon bututun hayaƙi wanda fentinsa ya koɗe. Gadon Okbun yana kusurwa, dab da kwamin ruwan zafi. Mai son cuɗa takan rataye makullin akwatin kayanta a ƙusa, ta shiga ruwa ta jiƙu, ta jira a kira ta.

Ba da fatar mutum Okbun ta fara ba. Tana budurwa ta baro ƙauyensu a Namhae, ta shiga cikin matan da ke kankare tsatsa a jikin jiragen da aka jawo tudu don gyara. Akan zaunar da su a kan katako a rataye a gefen jirgi, guduma a hannu, su yini suna bugu. A can ta rasa jin kunnenta na hagu, a can kuma ta sami miji, wani mai walda marar yawan magana. Da kafaɗarta ta fara gajiya da guduma, wata maƙwabciya ta koya mata cuɗa. Abin da aikin farko ya koya mata, na biyu bai ƙaryata shi ba: in saman abu ya ɓaci, a kankare shi, mai kyan yana ƙasa yana jira.

Kayan aikinta ba su da yawa. Koren soso ne mai kaushi wanda ake zura hannu a ciki, da kwanon roba, da sabulu. Sauran duk ƙarfin hannu ne. Takan fara daga ƙafa ta yi sama, dauɗa tana murɗewa tana zubowa kamar guntayen taliya, in ta gama gefe ɗaya ta ɗan bugi cinyar mace, wato juya. Ba ta tambayar kowa ko da zafi. Wadda ta yi ƙara sai ta ce mata, “Daure, in kin fita za ki gode mini.” Kuma suna godewa. Sukan fito jajur, jiki sakayau, su zauna a dandamalin katako na ɗakin sa kaya suna ɓare dafaffen ƙwai, suna cewa ai hannun Inna Okbun magani ne.

Ha Kumja ce ke zama a bakin ƙofa, tana ba da makullai tana sayar da ƙwai da kofi mai ƙanƙara. Okbun ta girme ta, don haka Kumja ke ce mata Yaya, amma hakan bai taɓa hana ta gaya mata magana ba.

Mijin Okbun ya rasu tana da shekara sittin da 'yan kai. Huhu ne ya kashe shi. Ɗansu ɗaya, Sangpil, yana Incheon da iyalinsa. Ya ce ta komo wurinsu, ta ce to wa zai cuɗa matan unguwa? Gidan ya yi mata faɗi, alhali ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida inda randunan kimchi, tsimammen kabeji mai yaji, suke jere. Ana nan sai tsohon da ke hura wutar gidan wankan ya zo da kwikwiyo a cikin kwali, daga 'ya'yan wata karya mai gadin wurin gyaran jirage. Launinsa na ƙanzon shinkafa ne, shi ya sa Kumja ta sa masa Nurungji, wato ƙanzo a yarensu. Okbun ta ce ita ba ta so, wa ke da lokacin kare. Da yamma aka gan ta tana hawa matakala rungume da kwalin.

Nurungji ya girma ya zama matsakaicin kare mai tsayayyun kunnuwa. Da safe yakan bi ta su sauka, ya kwanta jikin bangon ɗakin wuta inda yake da ɗumi, ba ya tashi sai ta fito. A hanyar komawa yakan wuce gaba, ya tsaya a kowace kwana ya waiwayo. Shi da kansa ya gane cewa a damanta ake tsayawa in ana so ta ji. In an ƙwanƙwasa ƙofa, ko tukunya ta tafasa tana zuba, shi ne ke zuwa ya tunkuɗi gwiwarta da hanci. Da maraice takan zauna a bakin ɗaki, ya ɗora haɓa a kan ƙafarta, tana shafa bayansa tana ba shi labarin wadda ta yi ƙiba da wadda surukarta ke gasa wa gyaɗa a hannu. Sangpil ya daina maganar ta komo Incheon. In ya bugo waya yakan ce, “Mama, ina ƙanina?”

A daminar shekararsa ta huɗu ne Nurungji ya fara susa. Ruwa aka yi ta yi, bangon ɗaki ya yi gumi, wanki ba ya bushewa. Da farko tafin ƙafa yake lasa. Daga nan ya koma sosa bayan kunne da hammata, har ta riƙa ganin gashi a kan tabarma kamar an yi aski. Cikinsa ya yi ja.

Ta ambaci maganar a ɗakin sa kaya, tana shan kofi tsakanin cuɗa da cuɗa.

“Ƙuma ne,” in ji Kaka Pyo, tsohuwa mai sayar da kifi wadda ba ta fashin wanka. “Ki shafe shi da kananzir.”

“Kananzir?” in ji Kumja. “Kaka, kare za a yi wa magani ko fitila za a kunna?”

“Ke rufe mana baki. Mu da shi muka tashi.”

“Shi ya sa karnukan zamaninku ba wanda ya tsufa.”

Wata ta ce a dafa tazargade a yi masa wanka da ruwan. Wata ta ce ai kewar mata ce, a nemo masa aure, aka yi dariya. Kumja ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta matso ta daman Okbun.

“Yaya, ki kai shi asibitin dabbobi na bakin gada. 'Yar Maman Sora ce likita a wurin yanzu, an ce ta iya aiki.”

“Sora? Wadda na riƙa dannewa da gwiwa tana tsala ihu?” Okbun ta ajiye kofin. “Tun ba a haife ta ba nake kallon fata. Bari dai in duba shi da kyau tukuna.”

Ta duba shi ranar da gidan wanka ke hutu. Ta kwantar da shi a rana, ta buɗa gashin da yatsu, ta ga fatar tana ɓarewa fari-fari, da wani maiƙo-maiƙo a ƙasa. Nan take hankalinta ya kwanta, don ta san wannan. Ta sha ganin irinsa a bayan tsofaffin da suka daɗe kwance ba a cuɗa su ba. Har kunya ta kama ta: ita mai cuɗa mutanen gari, karenta yana yawo da dauɗar shekara huɗu.

Ta dafa ruwa, ta cika jan bahon roba da take wanke kabeji a ciki. Ta sa shi ya jiƙu, kamar yadda take sa kowa. Sannan ta zura hannu a sabon soso ta fara, daga ƙafa ta yi sama.

Abin da ya faru a wannan wankan shi ne ya rufe mata ido. Da soson ya sauka a inda ke yi masa ƙaiƙayi, Nurungji ya miƙe wuya, ya lumshe ido, ƙafarsa ta baya tana bugun bahon ita kaɗai. Abu ya yi ta fita a soson, toka-toka, haɗe da gashi. Ta ɗauraye shi, ta shafa masa madara da niƙaƙƙiyar kokwamba irin wadda take shafa wa amare a fuska. Ranar ya yi barci bai sosa ko sau ɗaya ba.

“Likita ta gama aiki,” ta ce wa Kumja washegari. “Ki gaya wa Sora ta zo ta koya.”

Bayan kwana kaɗan ƙaiƙayin ya dawo, ya fi na da. Okbun ba ta yi mamaki ba. A sana'arta, dauɗar da ta dawo ita ce wadda ba a gama fitarwa ba. Ta ƙara wa ruwan zafi, ta ƙara lokacin jiƙo, ta ƙara nauyin hannu. Daga ranar hutu kaɗai ta koma duk bayan kwana biyu, daga nan kullum, in ta dawo aiki a gajiye, kafin ta ci abinci. Gashin kafaɗa ya tafi, na ciki ya tafi, na wuya ya bi. Inda ya yi ja ya fara tsattsafo da ruwa, inda ya daɗe ya yi baƙi ya yi kauri. Wani wari mai tsami ya kama tabarmarsa. Duk wannan a idonta dauɗa ce mai zurfi take fitowa.

Ta daina sauka da shi. Ta yanke wata tsohuwar singiletin mijinta ta sa masa, don kada maƙwabta su leƙo ta katanga. Da tsoho mai hura wuta ya tambaya, ta ce zafi ya yi yawa, kare ba ya son rana. Da Kumja ta tambaya, ta ce yana samun sauƙi.

Nurungji ya daina bugun baho da ƙafa. Yakan tsaya a cikin ruwan ƙiƙam, jiki na rawa, kai a ƙasa. In ya yi ƙara sai ta ce masa abin da take ce wa kowa, ya daure. Sannu a hankali ya daina tarar ta a ƙofa. Da ya ji takunta a matakala sai ya shige bayan randuna. Da farko takan yaudaro shi da busasshen kifi. Daga baya kifin ma bai fito da shi ba, sai ta kai hannu ta jawo shi ta ɗaure a jikin famfo.

A jikin famfon ya cije ta. Ta kai soson kan kafaɗarsa ta hagu, inda fatar ta riga ta buɗe, sai ya juyo ya kama gindin babban yatsanta na dama. Bai girgiza ba, bai riƙe ba. Ya saki, ya kwanta a ƙasa ya manne kunnuwa, yana kallon jinin da ke ɗiga cikin baho.

Mai cuɗa ba ta shiga ruwa da buɗaɗɗen rauni. Da Okbun ta yi fashi, Kumja ta hau tudun da kwanon fate, tana haki tana zagin wanda ya gina matakalar.

“Yaya, me ya sami hannun?”

“Wuƙa.”

“Wuƙa mai haƙora huɗu? Ina Nurungji?”

Okbun ta dubi wajen randuna. Kumja ta ajiye kwanon, ta durƙusa ta leƙa bayan randuna, ta kira shi. Ya daɗe kafin ya fito, yana jan ciki. Ta ɗaga singiletin, wadda ta manne da fatar, ta mayar a hankali. Okbun ta ce, “Saura kaɗan ya fita duka.”

“Me zai fita, Yaya? Ransa?”

A bayanta Kumja ta goya shi, a cikin zanen goyon jikarta, suka sauka zuwa bakin gada.

Sora ta girma ta zama doguwar mace mai tabarau. Ta rusuna ta gai da Okbun, ta dubi hannun, ta ce a tabbata an je asibitin mutane da shi. Sannan ta jiƙa singiletin ta cire da almakashi. Ta kankari kaɗan daga fatar ta duba a madubin likita, ta leƙa kunnuwa, ta buɗa tsakanin yatsu.

“Inna, sau nawa ake yi masa wanka?”

“Kullum.”

“Da me?”

Okbun ta gaya mata, ba ta rage komai ba: ruwan zafi, sabulun gidan wanka, koren soso. Har da madara da kokwamba. Sora ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Bayaninta bai yi tsawo ba. Abin da ya fara sa shi ƙaiƙayi ba dauɗa ba ce. Jikinsa ne ba ya jituwa da wani abu, wataƙila ƙurar ɗaki, wataƙila danshin damina, karnuka da yawa suna da wannan. Da an kawo shi a lokacin, 'yan ƙwayoyi ne da man shafawa. Fatar kare ta fi ta mutum rauni nesa ba kusa ba, gashi ne kawai ke rufa mata asiri. Ruwan zafi da sabulu sun kwashe maiƙon da ke kare ta, soso ya buɗe ta, ƙwayoyin cuta suka shiga.

“Abin da kike gani yana fita a soson, Inna, fatar ce kanta.”

“Amma ya ji daɗi,” in ji Okbun. “Ranar farko har ƙafa yake bugawa. Ya yi barci.”

“Zai ji. Susa ce. Ni ma in sauro ya cije ni na sosa, daɗi nake ji har in ga jini.”

Za a iya warkar da shi, in ji ta, amma aikin hannu ne: ƙwaya safe da yamma, man shafawa a kowane ciwo, wanka da ruwa mai sanyi-sanyi da sabulun magani, a shafa da tafin hannu kawai. Ta ce Okbun ta riƙe masa kai ta nuna mata yadda ake ba da ƙwayar. Okbun ta miƙa hannun hagu, mai lafiyar. Kafin ya taɓa shi, Nurungji ya ja da baya har ƙarshen tebur, ya saki fitsari, ya tura kansa cikin hammatar Kumja.

Okbun ta janye hannun. Kumja ce ta fara magana, da murya irin ta wadda ke cinikin kifi.

“To, ai hannunki ma ba lafiya. Ya zauna wurina har ya warke. Maigidan zai yi surutu, amma tun da ya ajiye tasi ba shi da aikin yi sai surutun.”

“Har ya warke,” in ji Okbun.

Gidan Kumja yana ƙasa, bayan kasuwa. Mijinta ya rantse kare ba zai kwana masa a ɗaki ba, balle mai wari, da wani abin roba kamar mazurari a wuya mai hana shi lasa. Ba a yi nisa ba aka gan shi a layin mai nama yana tambayar ƙashi marar gishiri. Kumja takan kawo labari kowace safiya: ya ci, ya daina wari, ɓawon ciwo ya fara faɗuwa, wani gashi laushi-laushi ya fara tsirowa a ciki. Sora ta ce kada Okbun ta je tukuna, a bar shi ya natsu. Ba ta je ba. Takan dafa romon busasshen kifi ta ba Kumja a kwalba, ta ce kada a ce daga ita ne. Kumja ta ce, “Wa zan gaya wa, karen?”

A gida kuwa, sau biyu tukunya ta ƙone ba ta ji ba. Mai kawo gas ya yi ta buga ƙofa ya gaji ya tafi.

Da yatsan ya warke ta koma aiki, sai matan suka ga canji. Hannun ya yi sanyi. Takan tsaya a tsakiyar cuɗa tana kallon jan da ya fito a bayan mace.

“Inna, yau cuɗa ce ko lallashi?” in ji wata.

Ranar da Kaka Pyo ta hau gadon, Okbun ta kai rabin baya ta tsaya ta ce, “Da zafi?”

Tsohuwar ta ɗago kai. “Shekara nawa kina feɗe ni kamar kifi ba ki tambaya ba, sai yau da na kusa kabari? Danna, don Allah, ni ba karenki ba ce.”

Aka yi dariya, wasu suka yi saurin haɗiye tasu. Okbun ta danna.

Sai bayan damina, da ganye ya fara ja, aka ce ya warke. Gashi ya dawo ko'ina, har ya fi na da duhu, ban da wani fili kamar tafin hannu a kafaɗar hagu, inda Sora ta ce da wuya ya sake tsirowa. Okbun ta shirya. Ta ba maƙwabciya jan bahon. Ta sayi sabuwar tabarma, ta goge bangon ɗaki, ta shanya bargo a rana. Ta wanke hannunta da ruwa zalla, don kada ya ji ƙanshin sabulun aiki.

Da ya gan ta a ƙofar Kumja ya yi murna, wannan ba wanda zai musa. Ya yi ta kewaya ta yana kaɗa jela yana kuka ƙasa-ƙasa, ya koma damanta ya tsaya. Mijin Kumja ya miƙa mata igiyar yana kallon wani wuri, ya ce ai gara, dama ya gaji da gashi a kujera. Suka hau tudun, Nurungji a gaba.

A tsakar gida ya tsaya ya dubi famfo. Daga nan ya je bakin ƙofar waje ya zauna. Ta zuba masa romo, bai taɓa ba sai da ta shiga ɗaki. Da ta buɗe famfon za ta wanke shinkafa, kafin ruwa ya cika kwano ya shige bayan randuna. In tana zaune hannuwanta a cinya yakan matso, har ya kwanta kusa. Da ta ɗaga hannu, ko gashin kanta za ta gyara, sai ya ƙanƙame ya runtse ido.

Ta ce wa kanta kwana biyu ne, zai saba. Kumja ma haka ta ce. Amma kafin mako ya zagayo ya koma lasar ƙafa. Ta ji shi yana yi, ta kunnen dama, wani ɗan sauti mai naci. Da safe ta duba daga nesa ta ga tsakanin yatsunsa ya yi ja. Sora ta riga ta faɗa: abin zai riƙa tasowa lokaci-lokaci har ƙarshen ransa, da an ga ja a shafa mai, kada a jira.

Ranar hutu ce. Ta matso man a kan yatsa, ta zauna a bakin ɗaki, ta ajiye hannun a ƙasa, tafi a sama. Ta kira shi da muryar da take ba shi labari. Ya fito daga bayan randuna, ya tsaya inda hannu ba zai kai ba, ya kaɗa jela. Ta jira. Inuwar katanga ta tashi daga wannan gefe ta koma wancan. Man ya narke ya gangara tafin hannunta, ta sake matsowa. Sau ɗaya ya taka ƙafa gaba, ya miƙo hanci, sannan ya koma ya zauna ya ci gaba da lasa, yana kallonta.

Tana da ƙarfin da za ta kama shi. Hannun da ya riƙe guduma, ya juya mata masu nauyin buhu, ba kare zai gagare shi ba. Taku ɗaya ne, ta danne shi, ta shafa, an gama. Gobe ma haka, jibi ma haka, duk lokacin da ja ya fito, har ya tsufa. Ta yi ta duban abin ta kowace fuska har rana ta faɗa bayan tudu. Sannan ta goge yatsan a gefen zane ta tashi ta ɗora tukunya.

Da sassafe ta sa man da sauran ƙwayoyin a leda, ta naɗe sabuwar tabarmar. Igiyar ma a ƙasa ta ajiye zargenta, sai da ya zura kai da kansa. Da suka sauka gidan Kumja, mijinta ne ya buɗe ƙofa, da buroshi a baki. Nurungji ya wuce ta gefen ƙafarsa ya hau kujera.

“Ƙafarsa ta dama ta gaba,” in ji Okbun. “Tsakanin yatsu. A shafa yanzu.”

Kumja ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ta dubi ledar, ta dubi tabarmar.

“Yaya, har ya warke dai ko?”

“Ki shafa masa, Kumja. Zan makara.”

Okbun ta ci gaba da cuɗa har gidan wankan ya rufe, da mai shi ya rasu 'ya'yansa suka sayar da filin. Ba ta koma Incheon ba. Sangpil ya sa mata ƙararrawar ƙofa mai kunna fitila, ya sayo tukunya mai kashe kanta. Ya ce zai kawo mata wani kwikwiyon, ta ce kada ya soma.

Yanzu ta haura saba'in da biyar. Nurungji ma ya tsufa, bakinsa ya yi furfura, duk damina sai an shafa masa mai. In gari ya yi kyau, ita da Kumja sukan fita hanyar bakin teku da shi, Kumja riƙe da igiya. A tsakiyarsu yake tafiya. In sun zauna a benci yakan jingina da ƙaurin Okbun, ita kuma takan bar shi ya jingina, tana kallon jirage.

Wata rana wata matashiya mai tura keken jariri ta tsaya ta dube su.

“Kai, ji yadda ya manne miki! Kaka, naki ne?”

Okbun ta juyo da kunnen dama, matashiyar ta maimaita.

“A'a,” in ji ta. “Na ƙawata ne.”

Kumja ta sunkuya tana gyara igiyar.